Shaidar Ilmi da Masu Ba da Ita: Tarihin Rajistar Jami'o'i da Tantance Karatunsu a Nijeriya

Gabatarwa

Kowace shekara dubban samari da 'yan mata suna fita daga jami'o'in ƙasar nan, kowa riƙe da takarda guda wadda aka rubuta sunansa a kai, aka buga mata hatimi. Da wannan takarda ake neman aikin gwamnati, da ita ake shiga bautar ƙasa, da ita kuma ake tafiya ƙaro ilmi a ƙasashen waje. Ma'aikacin da aka miƙa wa ita a ofis bai san ɗalibin ba, bai san malamansa ba, bai kuwa taɓa leƙa ajin da ya zauna ba, amma duk da haka sai ya karɓa ya yi aiki da ita. Dalili shi ne ya sakankance akwai wata hukuma daga waje, wadda ba ta da riba ko hasara a cikin makarantar, wadda ta je ta duba, ta kuma tabbatar makarantar ta isa ta ba da irin wannan takarda. Watau dai makaranta tana shaidar ɗalibi, ita kuma tilas a sami mai shaidarta, domin yabon kai jahilci ne.

Wannan lacca za ta bi diddigin yadda wannan aiki na shaida ya yi ta sauya hannu a Nijeriya, daga malaman zaure zuwa Jami'ar Landan, daga nan zuwa dokokin ƙasa. Tun da fari ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da mutane kan cuɗa. Na farko shi ne rajista, watau dokar da ta kafa makaranta ko lasin da gwamnati ta ba ta na ta buɗe ƙofa, ta kira kanta jami'a. Na biyu shi ne tantancewa, watau binciken da ake yi wa kowane fanni na karatu shi kaɗai, a ga ko ya kai mizanin da aka gindaya. Jami'a tana iya mallakar na farko ta rasa na biyu a wasu fannoninta, a nan ne kuwa ɗalibai da yawa suke faɗawa rami.

Zamanin Ijaza

Kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da hanyarta ta shaidar ilmi mai zurfi, ita ce ijaza. Idan almajiri ya sauke wani babban littafi, kamar Muwaɗɗa ta Imamu Malik ko Sahihul Buhari, malaminsa kan ba shi izinin karantar da shi, ya kuma jero masa salsalar waɗanda aka karɓo littafin daga gare su, wannan daga wancan, har a dangana da mawallafi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karɓi ijaza daga Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa littafi sukutum ya rubuta, mai suna Ida'un Nusukhi, don ya bayyana malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowannensu.

A wannan tsari shaida tana rataye ne a wuyan mutum. Ba a tambayar almajiri ginin da ya zauna, sai dai a tambaye shi gaban wa ya durƙusa. Ƙarfin tsarin shi ne malami yana tsoron Allah, yana kuma gudun sunansa ya ɓaci, saboda haka ba ya ba da izini ga wanda bai ƙoshi ba. Rauninsa kuwa shi ne wanda bai san malamin ba ba shi da abin da zai auna ijazar da shi. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, suka shimfiɗa mulkin ofis inda ake yanka wa mutum albashi gwargwadon takardarsa, sai ijaza ta rasa gurbi a jerin albashi. Makarantar Shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, tare da malamai daga Sudan, wani yunƙuri ne na shigar da wannan daɗaɗɗen ilmi cikin aji da jarrabawa da satifiket. A 1947 aka faɗaɗa ta, ta zama Makarantar Koyon Larabci. Za a sake komowa kanta nan gaba, domin a cikin harabarta ne aka dasa irin da ya zama Jami'ar Bayero.

Darasin Yaba

Makarantar farko ta gaba da sakandare da gwamnatin mulkin mallaka ta kafa a Nijeriya ita ce Babbar Kwalejin Yaba, a Ikko. Ta fara ɗaukar ɗalibai a 1932, aka yi bikin buɗe ta a 1934. Ana koyar da aikin likita da injiniya da noma da safiyo da malanta, karatun kuwa mai tsanani ne, ɗaliban ma zaɓaɓɓu ne. To, amma diflomar da ake bayarwa ba ta jingina da kowace jami'a ba, ba a kuma san da ita ba a wajen Nijeriya. Wanda ya share shekaru yana koyon aikin likita sai ya fito a kira shi mataimakin likita, a sa shi ƙarƙashin Baturen da ya zo da digirin Ingila, a ba shi albashin da bai kama ƙafar na Baturen ba.

Wannan abu ya yi wa 'yan bokon Ikko zafi ƙwarai. Ƙungiyar Matasan Ikko, wadda su Ernest Ikoli da Dokta J. C. Vaughan suka kafa a 1934, babban abin da ya haifar da ita shi ne ƙorafi a kan matsayin Yaba. Bayan shekara biyu ta rikiɗa ta zama Ƙungiyar Matasan Nijeriya, ɗaya daga cikin tushen gwagwarmayar neman mulkin kai. Abin lura a nan shi ne Yaba ba ta rasa izinin gwamnati ba, gwamnati ce ma ta gina ta. Abin da ta rasa shi ne shaidar masana daga waje. Tun daga nan aka gane cewa hatimin mai mulki shi kaɗai ba ya sa duniya ta karɓi takarda.

Zamanin Jingina da Landan

Ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1943, gwamnatin Ingila ta naɗa kwamitoci biyu, na Asquith da na Elliot, don su duba sha'anin ilmi mai zurfi a ƙasashen da take mulka. Sun miƙa rahotanninsu a 1945, daga nan aka sami Kwalejin Jami'a ta Badun, wadda ta fara aiki a watan Janairu na 1948 da ɗalibai 104 da aka kwaso daga Yaba, Dokta Kenneth Mellanby yana shugabanta. Ba a ba ta ikon ba da digiri nata na kanta ba. An ɗaura ta ne a jikin Jami'ar Landan, kamar yadda aka ɗaura Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo a jikin Jami'ar Durham tun 1876.

Yadda jinginar take aiki shi ne, malaman Badun su tsara manhaja su aika Landan ta amince; su tsara tambayoyin jarrabawa, Landan ta duba ta gyara; idan ɗalibai sun rubuta, malamansu su duba, sa'an nan a tura takardun ga masu jarrabawa na Landan, su ne masu magana ta ƙarshe. Wanda ya ci, digirin Landan ya samu. Landan kuwa ba ta yi sako-sako ba. Da aka duba asibitin Adeoyo na Badun aka ga bai kai a horar da likitoci a cikinsa ba, sai ya zama ɗaliban likita suna fara karatu a gida, su je Ingila su ƙarasa, har sai da aka gina Asibitin Koyarwa na Badun, aka buɗe shi a 1957.

An soki wannan tsari, an ce yana da tsada, yana ɗaukar ɗalibai 'yan kaɗan, manhajarsa kuma ta fi fuskantar Turai a kan Afirka. Sukan nan tana da ƙamshin gaskiya. Amma a lokacin da Badun ta yanke cibiya a 1962, ƙarƙashin Dokta Kenneth Dike, ta riga ta yi shekara goma sha huɗu ana auna ta da mudun wata, ba wanda ya isa ya raina digirinta.

Mulkin Kai da Jami'o'in Jihohi

Ana gab da samun mulkin kai, a 1959, Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamitin mutum tara ƙarƙashin Sir Eric Ashby, uku 'yan Nijeriya, uku daga Ingila, uku daga Amurka. Shettima Kashim Ibrahim yana cikin 'yan Nijeriyar. Rahotonsu ya fito a watan Satumba na 1960, ya ba da shawarar a ƙara jami'o'i, a kuma kafa hukuma guda mai lura da su. Jihar Gabas ba ta ma jira ba, domin a watan Oktoba na wannan shekara ta buɗe jami'arta a Nsukka, wadda tun ranar farko ta ɗauki ikon ba da digirinta da kanta. A 1962 aka buɗe na Ikko da Ife, ranar 4 ga Oktoba kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Dokta Norman Alexander yana shugabanta na farko.

A wannan zamani rajistar jami'a ita ce dokar da majalisa ta zartar don kafa ta. Ingancin karatu kuwa an bar shi a hannun majalisar malaman kowace jami'a, tare da masu jarrabawa da ake gayyatowa daga wasu jami'o'i su duba aikin 'yan ajin ƙarshe. Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa da aka kafa a 1962 shawara kurum take ba gwamnati, musamman a kan rabon kuɗi, ba ta da ikon hana kowa komai. Fannonin sana'a ne kaɗai suka sami masu tsaron ƙofa da wuri: Majalisar Ilmin Lauya a 1962, ta likitoci a 1963, ta injiniyoyi a 1970.

Misalin Kano

Tarihin Jami'ar Bayero ya isa misali na yadda makaranta take hawa tsani mataki-mataki kafin a sakar mata ragama. A 1960 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a harabar Makarantar Koyon Larabci da aka ambata a baya, aikinta kuwa shi ne shirya ɗalibai don shiga jami'a. Da aka sa wa jami'ar Zariya sunan Sardauna a 1962, sai aka mayar da sunan ta Kano Kwalejin Abdullahi Bayero. A 1964 ta zama tsangayar fasaha da nazarin addinin Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin shaihin malamin nan na Sudan, Abdullahi al-Ɗayyib. Ta ɗauki ɗalibai goma na farko masu neman digiri, tana zaman wucin gadi a tsohon otel na filin jirgin sama na Kano. Sun gama a 1966, digirin da suka karɓa kuwa na Zariya ne. A 1968 kwalejin ta tare a mazauninta na kusa da Ƙofar Kabuga.

A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓe jami'o'in jihohi, ta kuma kafa sababbi guda bakwai. Huɗu daga ciki, watau Sakkwato da Maiduguri da Jos da Kalaba, an kafa su a matsayin cikakkun jami'o'i. Uku kuwa, Kano da Ilori da Fatakwal, an ba su matsayin kwalejin jami'a. Ta Kano ta sami hukumar gudanarwa tata, Dokta Mahmud Tukur yana shugabanta, amma digiri har yanzu da sunan Zariya ake ba da shi. Sai a watan Oktoba na 1977 ta zama Jami'ar Bayero mai cin gashin kanta, Dokar Soja mai lamba 79 ta 1979 ta tabbatar mata da haka. Shekara goma sha bakwai ke nan daga buɗe ƙofa zuwa mallakar hatimi. Abin da Landan ta yi wa Badun shi Zariya ta yi wa Kano. Da rarrafe yaro kan tashi.

Rikicin 1983 da Abin da Ya Biyo Baya

A 1974 aka ba Hukumar Jami'o'i ƙarfin doka, Dokta Jibril Aminu ya riƙe ta daga 1975 zuwa 1979. A 1977 aka kafa hukumar kula da ilmin fasaha da sana'a, mai mazauni a Kaduna, a 1978 kuma hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a ta fara aiki. Amma har zuwa wannan lokaci ba wata doka da ta fayyace sharuɗɗan da za a cika kafin a kafa jami'a. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsarin mulkin 1979 ya ba jihohi damar kafa jami'o'insu, suka kuwa shiga yi. Wani malami, Dokta Basil Ukaegbu, shi ma ya buɗe tasa a Jihar Imo, gwamnatin jihar ta ce bai isa ba, magana ta kai Kotun Ƙoli. A 1983 kotun ta yanke hukunci cewa tsarin mulki bai hana mutum kafa jami'a ba. Cikin 'yan watanni aka wayi gari da jami'o'i masu zaman kansu fiye da ashirin, galibinsu ba malamai isassu, ba ɗakin karatu, ba ɗakin gwaje-gwaje, sai allo a bakin hanya da mai karɓar kuɗi. Da soja suka karɓi mulki a ƙarshen wannan shekara, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa Dokar Soja mai lamba 19 ta 1984, ta rufe su gaba ɗaya, ta kuma haramta buɗe wasu. Masu makarantun sun tafka hasara, amma wadda ta fi ciwo ita ce ta ɗaliban da iyayensu suka biya kuɗi, suka koma gida hannu rabbana. Sauri ya haifi nawa.

Wannan rikici ya nuna giɓin da ke akwai, Dokar Soja mai lamba 16 ta 1985 kuwa ita ta zo ta cike shi. Ta ba Hukumar Jami'o'i ikon gindaya mafi ƙarancin mizanin da kowane fanni zai cika, da ikon tantance digirorin da jami'o'i ke bayarwa. A 1989 aka fitar da mizanin manyan fannoni goma sha uku, wanda malaman jami'o'in da kansu suka zauna suka tsara, a shekarun 1990 da 1991 kuma aka yi zagayen tantancewa na farko a ƙasa baki ɗaya. A 1989 ɗin ne kuma aka kafa hukumar kula da kwalejojin horon malamai. Da aka sami mudun awo, sai Dokar Soja mai lamba 9 ta 1993 ta sake buɗe ƙofa ga masu zaman kansu, amma bisa sharuɗɗa. Duk da haka sai a watan Mayu na 1999 aka ba da lasin na farko ga jami'o'i uku, Igbinedion da Babcock da Madonna. A Arewa, wadda aka sani da Jami'ar Al-Qalam a Katsina ta sami nata a 2005.

Yadda Ake Bin Matakan

Bisa tsarin da ya samo asali daga dokar 1993, mai son kafa jami'a zai rubuta wa hukuma, ya gabatar da kundin da ya bayyana manufar jami'ar da fannonin da za ta koyar, da taswirar gine-ginenta, da daftarin dokarta. Zai nuna shaidar mallakar fili, wanda a farko aka ƙayyade kada ya gaza hekta 100, da shaidar banki cewa akwai kuɗin tafiyar da ita. Jami'an hukuma za su je su gani da idonsu fiye da sau ɗaya, jami'an tsaro su binciki masu abin, daga ƙarshe magana ta je gaban Majalisar Zartarwa ta Tarayya. Lasin da ake fara bayarwa na wucin gadi ne, na shekara uku, a kuma haɗa sabuwar jami'a da wata tsohuwa ta riƙa duba ta. Tsohuwar dabarar jingina ce ta dawo da sabuwar riga.

Lasin ba ya nufin a koyar da duk abin da aka ga dama. Kafin a fara kowane fanni sai hukuma ta je ta ga malamai da kayan aikin da aka tanada. Idan fannin ya kankama, sai a aiko ayarin shaihunan malamai daga wasu jami'o'i su yi kwanaki suna bincike. Za su duba manhaja, da yawan malamai da darajojinsu, da azuzuwa da ɗakunan gwaje-gwaje, da littattafai, da tsofaffin takardun jarrabawa, da kuɗin da ake kashe wa sashen. Wanda ya sami maki 70 cikin 100, bai kuma gaza a manyan rukunan ba, ya sami cikakkiyar amincewa ta shekara biyar. Wanda ya tsaya tsakanin 60 da 70 a ba shi ta wucin gadi, shekara biyu, ya gyara. Wanda ya kasa 60 an hana shi, ba zai sake ɗaukar sababbin ɗalibai ba sai ya gyara an sake dubawa.

Tsarin yana da inda yake yoyo. An daɗe ana kokawa da cewa wasu makarantu kan yi aron malamai da na'urori idan masu bincike za su zo, su mayar bayan sun tafi, alhali zanen aro ba ya rufe katara. Yawa ma ya zama nauyi, domin a 2024 jami'o'in ƙasar nan sun haura 260, fiye da rabinsu masu zaman kansu. Haka kuma ƙofar waje ta zama wata kafa. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi, abin da ya sa a watan Janairu na 2024 gwamnati ta dakatar da karɓar digirorin Jamhuriyar Benin da Togo. A watan Agusta na 2025 kuma Majalisar Zartarwa ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantu na tarayya har tsawon shekara bakwai.

Kammalawa

Idan aka dubi wannan tarihi tun daga zauren malam har zuwa ofishin hukuma, za a ga mai ba da shaida ya yi ta canzawa, amma sharaɗin bai canza ba: sai wanda ya sani, wanda kuma ba shi da abin da zai ci a ciki, ya gani da idonsa. Yaba ta sami izinin gwamnati ba ta sami shaidar masana ba, ɗalibanta suka ƙare a mataimaka. Makarantun 1983 sun sami hukuncin kotu ba su da abin da za a shaida, ɗalibansu suka tashi a tutar babu. Badun da Kano sun yi haƙurin zama ƙarƙashin wasu, takardunsu suka yi daraja.

Saboda haka nauyin ya hau kan kowa. Ɗalibi da mahaifinsa, kafin su biya ko kwabo, ya kamata su binciki abu biyu: shin makarantar tana cikin jerin waɗanda hukuma ta amince da su, shin kuma fannin da za a karanta an tantance shi? Rashin yin haka cinikin biri a sama ne, ba a kuwa gane kuskuren sai ranar da aka nemi sunan yaro a jerin masu bautar ƙasa aka rasa. Ma'aikacin da aka ɗora wa duba takardu, da malamin da aka tura bincike, su kuma su san kujerar da suke kai ita ce wadda masu ba da ijaza suka zauna a da. Duk wanda ya sa hannu a kan abin da bai gani ba ya yi shaidar zur, wanda zai ɗanɗana kuɗarta kuwa shi ne majinyacin da zai kwanta gaban likitan da bai ƙoshi ba, da yaron da zai zauna gaban malamin da ba a koyar ba. Allah ya ba masu riƙe da wannan amana ikon sauke ta, amin.